Yadda Za Ka Gyara Waƙoƙin Jama'a Duka Ba Tare da Ka Saurari Ko Ɗaya Ba

Ɗan'uwa mai situdiyo, ka zo inda za a share maka hawaye. Na san halin da kake ciki. Kwamfutarka ta cika maƙil da waƙoƙin mutane, kowace tana jiran gyara, masu su kuma suna ta kiran wayarka kamar ka sace musu akuya. Kunnenka ya gaji, bayanka ya ƙage, shayinka kullum sai ya huce kafin ka tuna da shi. To, ga alkawarina. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka gama aikin wata guda kafin a gama yi wa mutum ɗaya aski, kuma ba za ka saurari ko baiti ɗaya ba. Ba a taɓa gwada hanyar nan aka ce ba ta yi aiki ba. Iyakar ƙorafin da ake yi shi ne ta yi aiki fiye da yadda aka so.

Za ka ce wane ne ni. Ni mai aski ne. Shagona yana jikin wani situdiyo, bango ɗaya ne tsakaninmu, shi ma na katako, kuma shekara da shekaru ina aski da kiɗan maƙwabcina a ƙeyata. Wanda ya ji ana maimaita bugun ganga ɗaya tun safe har yamma, ko bai taɓa kwamfuta ba ya cancanci a kira shi masani. Maƙwabcin nawa kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake ban taɓa ganin gadar da ya gina ba. Shi ne ɗalibina na farko, da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: Ka ba kunnenka hutu

Babban abokin gaban mai situdiyo kunnensa ne. Da zarar ka saurari waƙa ka shiga uku. Za ka ji mawaƙi ya ja numfashi inda bai kamata ba, za ka ji ganga ta danne jita, za ka ji babur ya wuce a baiti na biyu. Daga nan sai tausayi ya shigo, ka ce bari ka gyara, rana ta faɗi kana kan abu ɗaya. Magabatan da suka ce gani ya kori ji, ina kyautata zaton situdiyo suke nufi. Ga waƙa nan a allon kwamfuta an zana maka ita, tudu da kwari, ido yana gani. Me kuma kake nema a wurin kunne?

Injiniya da can mutumin kirki ne, wato wahalalle. Yakan yini da hedifon a ka yana matsar da tari ɗaya gaba da baya. Ranar da ya zo aski na ga hedifon ya yi masa hanya a tsakiyar gashi kamar turbar awaki, na ce masa, "Injiniya, kashe kanka za ka yi a kan waƙar mutanen da ko gaisuwa ba sa yi maka in sun yi suna?"

Ya ce, "To ya zan yi, Mai aski? Kowace waƙa da irin nata ciwon."

Na ce, "Kowane kai ma da irin nasa ƙulun. Amma ranar da shago ya cika, lamba ɗaya nake sa wa inji, mai ƙaton kai da mai ɗan mitsitsi duk ita za su sha. Ka taɓa jin wanda ya mutu?"

Ya tsaya yana kallon kansa a madubi. Daga kallon nan na san na samu ɗalibi.

Mataki na 2: Ka koya wa kwamfuta doka

Ba da jimawa ba ya kira ni ya nuna min abin da ya tono a cikin manhajar da yake aiki da ita. Bari in warware maka, don kada yara su raina ka. Kowace waƙa a kwamfuta layi-layi take, kamar gonar da aka yi wa huɗa: layin murya, layin ganga, layin jita, layin 'yan amshi. A kan kowane layi akwai guntayen abin da aka ɗauka, kuma kowane guntu kana iya ba shi suna, kana iya shafa masa launi. To, akwai wata taga da za ka buɗe ka rubuta wa kwamfuta doka, wato in ka ga kaza, yi masa kaza. Rariya ce, kai kake zaɓar girman ramukanta.

In layi yana da "murya" a sunansa, ƙara masa ƙarfi. In guntu bai kai ƙiftawar ido ba, cire shi. In ganga ce, kumbura ta har gilashin taga ya yi rawa. Sannan a ƙasa akwai wani ɗan akwati. In ka sa masa alama, dokar ba za ta tsaya a kan waƙar da ke gabanka ba, za ta bi duk waƙoƙin da ke cikin kwamfutar ta yi musu kuɗin goro.

Da na ga akwatin nan sai da na cire hula. Na ce, "Injiniya, wanda ya ƙirƙiro wannan abu, mai aski ne ya haife shi."

Ka lura da kyau, kwamfuta ba ta da kara. Ba ta san babba ba, ba ta san mai kuka ba, abin da ka faɗa take yi, ba abin da kake nufi ba. Wasu suna kiran wannan aibi. Ni adalci nake kiransa, kuma kai ma ka saba wa bakinka.

Mataki na 3: Ka ɗinka riga ɗaya ka zura wa kowa

Doka ita take zaɓo wanda za a yi wa aiki, amma aikin kansa dafaffen saiti ne yake yin sa. Wato ka zauna sau ɗaya ka murɗa duk abin murɗawa, amsa-kuwwa kaza, kauri kaza, na'urar miƙe karkatacciyar murya a ƙure, sai ka adana shi da suna. Daga ranar duk muryar da ta shigo ita ce rigarta, ko ta yi mata ko ba ta yi mata ba.

Sunan shi ne rabin aikin. Kada ka ce "saiti na ɗaya", kamar maras gata. Ka ce "Muryar Zinare", ka ce "Kukan Masoyi", ka ce "Babban Zaure". Ba dole ba ne su bambanta da juna. Ni da nake jin na Injiniya ta bango, na rantse abu ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani sa mutum ya yi kamar yana waƙa a cikin rijiya.

Ƙorafi zai zo, ka shirya masa. Wani mai waƙar soyayya, dogo, wanda ko a ɗaki ba ya cire baƙin tabarau, ya dawo da tasa yana huci.

"Injiniya, na sa wa yarinyar waƙar, ta ce ai wannan muryar mai tallan maganin basir ce da ake sawa a tasha!"

Gaskiyarta, don shi ma mai maganin a nan ya ɗauki tallansa, kuma riga ɗaya aka zura musu. Amma Injiniya ya riga ya sha karatu a wurina. Ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Ita ake yayi yanzu, maigida. Ka san mutum nawa ne suka haddace tallan nan? Har yara suna rera shi a hanyar makaranta."

Dogon ya tsaya yana tunani, ƙarshe da godiya ya fita. Duk abin da ka ɓata, ka ce shi ake yayi. Ba wanda yake so a ce zamani ya bar shi.

Mataki na 4: Kada kowa ya san ka gama

Aikin da aka gama da wuri ba a ganin darajarsa, don haka ka ɓoye saurinka kamar yadda ake ɓoye ƙaramin ciki. In ka ji takun kwastoma, ka ɗora hedifon, ba sai ka jona shi da komai ba. Ka haɗa gira, ka ɗaga masa hannu ya dakata, ka bar shi a tsaye ya ɗan ji jiki. Sannan ka sauke numfashi ka ce, "Tun jiya nake kan gangarka."

Ka kuma tanadi maɓallin da ya mutu. A teburin Injiniya akwai wani abin murɗawa da ya daina aiki tun ranar da shayi ya zube masa. In mawaƙi ya ce a ɗan fito masa da murya, shi Injiniya yake kamawa da yatsa biyu, ya murɗa a hankali kamar mai buɗe kwalbar turare, ya ce, "Yanzu fa?"

"Yauwa! Yanzu ta fito!"

Ba a taɓa samun wanda bai ji ta fito ba.

Mataki na 5: Mai wuyar sha'ani ka tura shi ga wani

Kowane situdiyo yana da mutum ɗaya da doka ba ta hawa kansa. Na Injiniya kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan ta rasu. Kawu tsohon direban bas ne. Duk tsawon shekarun da ya yi a kan sitiyari yana ƙirƙirar waƙoƙi a ransa, akwai ta birkin da ya taɓa ƙwace masa a gangare, akwai ta fasinjan da yake barci a kafaɗar mutane, akwai kuma wata da ya yi wa ƙanwar tasa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ko ɗaya. Sai da likita ya ga wani ƙari a maƙogwaronsa, ya ce dole a yi aiki, ya kuma gaya masa gaskiya: rai za a ceta, murya kuwa ba alkawari. Shi ne Kawu ya sa hula ya taho situdiyo.

Ya ce, "Ɗana, so nake ka kwashe su kafin a yanka. Jikokina su san ba hon kaɗai na iya ba."

Irin wannan aiki ba ya karɓar dafaffen saiti. Muryar ta riga ta fara tsagewa. Kowace waƙar Kawu tana da wani tudu inda murya take hawa sama, kuma a nan take mutu masa kamar tsohuwar mota. Sai ya yi ta gwadawa, ya sha ruwan ɗumi, ya huta, ya ba da labarin wani kwandasta da ya rasu tun kafin a haifi Injiniya, sannan a ci sa'a ya haye tudun lafiya. Sau ɗaya tak yake hayewa a kowace waƙa, wani lokacin sai bayan kwana da kwanaki.

Injiniya yana son kawunsa, wannan ba na musu. Amma so daban, haƙuri daban. Ya zo min yana sosa ƙeya, na ce masa, "Ba matarka tana taɓa kwamfutar ba?"

Tana taɓawa, shi ya koya mata, kuma Allah ya ba ta abin da bai ba shi ba, wato zama wuri ɗaya. Sai aka raba aiki. Da hantsi Injiniya ya fita ganin kwastoma, ma'ana ya dawo bencina ya zauna, ita kuma ta zauna da tsoho. Ta bango nakan ji ta tana cewa, "Kawu, ku ɗan matso kusa da makirufo. Ku huta tukuna, ba sauri muke yi ba." Ranar da ya haye kuwa sai ka ji ta tana tafi, shi yana dariya har ta koma masa tari. Mu kuma a waje muna hirar ƙwallo, kowa yana aikin da ya dace da shi.

Mataki na 6: Kada ka tattauna launi da iyalinka

Wannan matakin gajere ne, amma shi ne ƙashin bayan karatun. Ma'aurata suna da abin tattaunawa da yawa, wa ya bar famfo a buɗe, wa ya kamata ya je ya gaishe da wa. Kada ka ƙara musu da launin guntayen waƙa.

Injiniya tun da ya fara sana'a, duk guntun da ya lalace ja yake shafa masa. Ja a wurinsa shara ce mai jiran ranar kwasa. Matarsa kuwa, duk sanda Kawu ya haye tudu, wannan guntun take shafa wa ja, don shi ne launin da ido yake fara gani, kada ya ɓace a cikin tarin waɗanda ba su yi ba. Shi bai taɓa buɗe aikin Kawu ba, ita ba ta taɓa buɗe nasa ba. Gida ɗaya, kwamfuta ɗaya, kujera ɗaya har ta lotsa da nauyin su biyun, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wani abin da ja yake nufi a wurinsa. Wannan shi ake kira zaman lafiya, ina ba ka shawara ka yi koyi.

Mataki na 7: Ka yi shara ba sani ba sabo

Kawu ya gama waƙarsa ta ƙarshe, aka kwantar da shi a asibiti aka yi aikin, matar Injiniya ta tare a can tana jinya. Kwamfutar kuwa ta cika har tana nishi, in ka danna abu sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta amsa. Injiniya ya shigo shagona jiki a sanyaye. Daga asibiti yake, ya ga Kawu da bandeji a wuya yana magana da hannu, abin ya taɓa shi sosai.

Ya ce, "Mai aski, so nake in share wuri yau, in kawar da aikin kowa, in zauna in gyara na Kawu da kunnena, baiti-baiti. Ranar da aka sallamo shi in sa masa."

Niyya mai kyau ke nan, kuma ita ce man fetur ɗin wannan mataki, don ba abin da yake sa mutum sauri kamarta. Na bar wani da rabin kai na bi shi. Ya rubuta doka, duk guntun da yake ja a cire shi. Ya sa alama a akwatin duk waƙoƙi. A ƙasansa akwai wani akwatin mai cewa a goge har daga cikin ma'ajiyar kwamfutar, ba daga allo kaɗai ba, don wuri ya samu. Shi ma ya sa masa. Sai ya tsaya da hannu a sama.

"In ware na Kawu?"

Na ce, "Ka taɓa sa hannu a nasa?"

"A'a."

"To ina ja zai fito a aikin da ba ka taɓa ba? Kuma dokar da take ware dangi ai ba doka ba ce, son kai ne."

A nan ne za ka ji matsorata suna cewa a ajiye kwafi a wani wuri tukuna. Injiniya yana da abin ajiyar, amma ƙanin matarsa ya ara ya cika shi da finafinai, kuma ba a tambayar ƙanin mata abin da ya ara. Mutum ya yarda da kansa. Kwamfuta ma za ta tambaye ka, "Ka tabbata?" Raini ne kawai. Kada ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ka danna.

Injiniya ya danna. Wani koren layi ya taso daga hagu ya nufi dama, kafin in koma ga mai rabin kai an gama. Kwamfuta ta yi sakayau kamar wadda ta sha maganin wanke ciki. Muka tafa.

Mataki na 8: Ka cika wurin da sabon aiki, ka kuma tanadi amsa

Wurin da ka share kada ka bar shi ya huce. A yinin nan Injiniya ya ɗauki wasu 'yan amshi, ya ɗauki mai maganin basir da ya dawo da sabon talla, yanzu har da ciwon baya. Duk suka zauna daram a inda jajayen guntaye suka tashi. Daga baya mai gyaran kwamfuta ya ce da ba a zuba sabo a kai ba, da ya iya tono tsohon. Irin mutanen nan kullum sai aikin gama ya gama iliminsu yake zuwa.

Na Kawu kuwa, Injiniya ya ce sai gobe, goben ma ya ce sai gobe. Matarsa ce ta riga shi. Ta dawo daga asibiti ta biyo situdiyo, tana so ta sa waƙa ɗaya a waya ta kai wa tsoho ya ji a kan gado. Ina cikin gyara wa wani gemu na ji muryarta. Ba ihu ta yi ba, da ihu ne da abin ya zo da sauƙi.

"Baban yara, ina jajayen?"

"Waɗanne jajaye?"

"Na Kawu. Waɗanda ya haye."

"Ja ai shara ce."

Na kashe inji don kada wani abu ya wuce ni.

"Shara? Bawan Allah nan yana tofar da jini a hankici, yana ɓoyewa kada in gani, yana cewa a ci gaba. Shi ne shara?"

"Wallahi ban sani ba. Ba ki taɓa gaya min ba."

"Ka taɓa tambaya? Ka buɗe ko sau ɗaya ka ji abin da yake ciki?"

Ga amsoshin da ake tanada domin irin wannan lokaci. Wuta ce ta ɗauke. Cuta ce ta shiga kwamfuta. Manhajar ce ta sabunta kanta ba ta yi shawara da kowa ba. Ka fara da wuta ka ƙare da ƙaddara, don ita ba a ja da ita. Injiniya, da yake ɗalibi ne mai rauni, bai yi amfani da ko ɗaya ba. Na ji ƙarar zamansa a ƙasa a kan tarin wayoyi. Da na ji an fara ambatar mai aski, sai na tuna ina da saƙo a bakin titi.

Matar ta yi kwanaki tana tonon abin da ya rage, wato guntayen da Kawu bai haye ba. Ta ɗinka wannan da wancan, farkon waƙa ya samu, tsakiya ta samu, amma tudun babu shi a ko'ina. Saboda ni ba na riƙe mutum a zuciya, na aika da shawara kyauta, na ce a samo wani matashi ya rera tudun, a zura musu "Muryar Zinare" su biyun, ba mai rabe wa da wa. Amsar da ta dawo ita ce in na ƙara leƙo kaina, da injina za ta aske min gira.

Mataki na 9: Ranar sauraro ka ƙure lasifika

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka sallamo Kawu. An ceci rai kamar yadda likita ya ce, abin da ya rage na murya kuwa wata 'yar iska ce, sai ka kai kunne bakinsa. Ba wanda ya iya gaya masa abin da ya faru yana kwance. Ya zo situdiyo da sabuwar riga da mayafi a wuya, ya zauna a kujerar baƙi ya ɗora hannuwa a gwiwa yana jira.

Ƙa'idar irin wannan rana ita ce ka ƙure lasifika, ka kumbura ganga, ka riƙa gyaɗa kai da ƙarfi. Mutum in ya ga kana gyaɗa kai zai ɗauka shi ne bai gane ba. Injiniya bai bi ba. Durƙusawa ya yi a gaban kujerar, kansa a ƙasa, ya ce, "Kawu, waɗanda kuka haye duk na goge su. Da hannuna. Ba sa dawowa." Ina bakin ƙofa, rabin jikina a waje saboda girata.

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya nuna kwamfuta da haɓa ya juya yatsa, wato a sa masa abin da ya rage.

Matar ta sa, ba kiɗa, ba saiti. Muryar Kawu ta cika ɗakin, tsohuwa mai kaushi, ta ɗauko waƙar ƙanwarsa a hankali kamar bas cike da mutane. Ta taho, ta taho, ta fara hawa, sai ta tsage. Aka ji tari. Sannan muryar ta ce cikin dariya, "Ban kai ba. A sake, 'yata." Guntu na gaba haka, na gaba ma haka. Waƙar birki, waƙar fasinja, kowace ta zo gindin tudu ta tsaya, mutumin cikin lasifika yana cewa a sake, hankalinsa kwance, don a lokacin yana da muryar sakewa. Ni da na daɗe ina jin waƙoƙin nan ina tsaki, ranar tausayi ya kama ni, kuma ban ji daɗin haka ba ko kaɗan.

Kawu ya miƙe, muka ɗauka tafiya zai yi. Sai ya buɗe ƙofar ɗan ɗakin da ake ɗaukar murya, ya shiga, ya ɗora hedifon a kan hularsa, ya tsaya daidai bakin makirufo. Ya ɗaga mata hannu ta gilashi. Ta dubi mijinta, ta dubi Kawu, ta danna.

Muna ganin bakinsa yana tafiya, jijiyar wuyansa ta miƙe a saman mayafi, hannunsa yana kaɗa lokaci a gefen cinya. A allo layin ya tafi a miƙe, sai ɗan motsi kaɗan kamar zare a iska. Ya ɗauko ta tun daga farko. Da ya zo tudun muka ga ya ɗaga haɓa ya rufe ido, ya haye, ya sauka, ya kai ta har ƙarshe. A lasifika ba abin da ya fito sai numfashi.

Ya fito ya rataye hedifon a ƙusarsa. Ya dafa kan Injiniya, wanda har lokacin yake durƙushe, ya sunkuya ya kai baki kunnensa. Ɗakin ya yi tsit har ni na ji.

"Wannan ka bar min shi."

Sanarwar ba ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi su. Ban riƙe hannun kowa na danna masa ba. Ba ni da situdiyo, ba ni da kwamfuta, wayata ma mai maɓallai ce. In kwastomomi suka watse, in matarka ta daina yi maka magana sai ta bakin yara, in ka koma yini da hedifon kana sauraron kowane tari kamar yadda Injiniya ya koma, har ka canza wurin aski ba ko sallama kamar yadda ya yi, wannan tsakaninka da ƙaddararka. Kada a zo min shago, kada a turo min dattawa. Sauri na yi wa alkawari, kuma an ga sauri. Wanda yake son tabbacin abin da ya cire zai dawo, ya zo ya koyi sana'ata. Ni duk abin da na yanke, mako biyu ya sake tsirowa.